Habu Ya Sauya Baki

Daren Talata, Mansur

Yau hankalina bai kwanta da Habu ba. Muna dawowa daga Kudai da kayan shago ya kunna faifan kiɗan Turawa na metal ɗin nan da muke ji tun muna samari, wanda ƙungiyar makaɗan ta yi bayan mawaƙinta na farko ya tafi. Kullum Habu cewa yake ranar da aka sauya murya ƙungiyar ta mutu. Yau kuwa har da dukan sitiyari, wai, "Wallahi ya akhi, sabon ya fi. Tsohon ya gaji, gara da suka sallame shi."

Titi yake kallo yana faɗa, ko waiwayata bai yi ba.

Muna gama sauke kaya ya ce in kawo makullina na shago ya yanko wa Nura, ƙanin matarsa, irinsa, wai zai riƙa taya mu. Tare muka buɗe shagon nan, amma sunan Habu ne a takarda.

Na ce na manto shi a gida, alhali yana aljihuna. Ya yi murmushi ya ce ba komai, dama yana so ya sauya kwaɗon.