Ƙasarin Akawal

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025

Zafin yau sai addu'a. Na dawo daga shago a kasuwar Kwari da la'asar na tarar Akawal ya sunkuyar da kai a turke kamar wanda aka yi wa faɗa. Na cika masa komin shan ruwansa, ya sunsuna, ya dube ni, ya juya min baya. Shekara goma sha tara muna tare da dokin nan, bai taɓa yi min irin wannan rashin kunya ba.

Rijiyar gida ta ƙafe tun bayan ƙaramar salla. Ruwan 'yan garuwa muke sha ni da shi, mai warin jarka. Ni na haƙura. Shi kuwa babban mutum ne.

Laraba, 16 ga Afrilu

Kurɓa uku da safe, biyu da yamma. Na jefa kanwa a ciki, ko a jikinsa. Kashinsa ya bushe, fitsarin kamar shayin da ya kwana.

'Yata Sharifa ta zo daga Rijiyar Lemo da kwanon abincina kamar kullum. Ta ce, "Baba, ka ba ni makullin madafin Inna mana, in riƙa yi maka girki a nan." Na ce ba yanzu ba. Wata takwas ke nan ina ce wa 'yar nan ba yanzu ba. Tun ranar da muka kai matata Zulfa makwancinta na kifa turminta na ja ƙofar.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na sauka a Bata na ƙarasa Sabon Gari da ƙafa, wajen Ambrose mai maganin dabbobi. Tun muna da baƙin gashi yake duba min dawakai. Ya rufe shago ya biyo ni.

Ya tsunkuli fatar wuyan Akawal ya saki, fatar ta tsaya cirko, ta ƙi komawa. Ya ɗaga leɓe ya taɓa dasashi, ba danshi. Ya ce sau nawa kake ba shi ruwa? Na ce sau biyu, hantsi da la'asar, yadda ubana ya yi, yadda ubansa ya yi a Borno. Doki ba ya shan ruwan tsakar rana, tumbi yake sa shi, ya kashe masa gwiwa.

"Goni, kakanka a ƙarƙashin kwano ya ɗaure nasa dokin? Wannan barga ce ko tanda?"

Na ce da sau biyun ya kai shekara sha tara. Ya ce to wannan abin mamaki ne, ya kamata a kai mu gidan tarihi ni da dokin.

Dokokinsa: ruwa ya wuni a gabansa, a inuwa. A jiƙa harawa kafin a ba shi. A riƙa kwara masa ruwa a wuya da ƙafafu. Gishiri kaɗan a dusa. In ya fara birgima yana waiwayen cikinsa, in kira shi ko yana coci ne, don hanji ke shirin toshewa, kuma tsohon doki ba ya cika tashi daga wannan.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na mai da Akawal gindin darbejiya. Ruwa na gabansa tun safe. Kallonsa yake yi kamar an ajiye masa jarida.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ban je Kwari ba, karo na farko ba ciwo ba rasuwa. Na shimfiɗa tabarma kusa da shi.

Wani abu na gani. Da rana ta take, gab da azahar, sai ya ɗaga kai ya kafe kunnuwa wajen ƙofar madafi. Ya daɗe a haka. Ya yi 'yar haniniya can cikin maƙoshi. Da ba wanda ya fito, ya mai da kai ƙasa.

Bayan la'asar ya kwanta, ya waiwayi cikinsa sau biyu. Ambrose ya zo ya yi masa ƙarin ruwa ta jijiyar wuya, ni ne sandar rataye leda. Ya ce wannan na kwana ɗaya ne ko biyu, in bai sha da bakinsa ba, in fara shirya zuciyata. Bai yi min tsiya ba ko sau ɗaya. Shi ya fi tsorata ni.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Yau Ista, amma suka zo su biyu daga coci, Ambrose da matarsa Veronica, ɗaurin kanta ya kusa taɓo soro. Ƙawar Zulfa ce tun suna koyon ɗinki, duk Alhamis nan take wuni. Rabonta da gidan nan tun sadakar arba'in.

Ta leƙa komi ta ce, "Baban Sharifa, ina ƙasarinsa?"

Na ce wane ƙasari?

Ta dubi mijinta, ta dube ni, ta rufe baki da hannu. Sai ga labari. Ashe duk bazarar Allah, da na sa ƙafa na tafi kasuwa, Zulfa takan surfa gero ta wanke, ta kai ruwan wankin bayan randa ya yi sanyi. Gab da azahar ta buga taɓarya sau biyu a bakin turmi, shi kuma ya amsa. Bokiti biyu yake shanyewa, farin ruwa mai ƙanshin gero, sannan ta bi shi da na rijiya. Kafin in dawo ta wanke komi ta kife, ta share jiƙaƙƙiyar ƙasar.

Na ce me ya hana ta gaya min?

"Ta ce ka fi son dokar babanka a kan fura. A bar ka da dokarka, ita a bar ta da dokinta."

Dokinta. Ni ina zaune a Kwari ina cika wa mutane baki da sirrin kiwon Barebari.

Ambrose ya buɗe baki zai yi magana, ta taka masa ƙafa. Makullin madafin yana aljihuna, kullum a can yake. Sai da na laluba aljihu uku duk da na san wanda yake ciki.

Na buɗe ƙofar, amma ban shiga ba. Na kira Sharifa a waya, ta zo da kwanon gero a adaidaita sahu. Ita da Veronica suka tayar da turmin, suka kakkaɓe yana. Da na ji saukar taɓarya ta farko sai na tafi duba ƙofar gida, wadda ba abin da ya same ta.

Suka wanke, suka bar ruwan ya huce. Sharifa ta buga bakin turmi sau biyu. Akawal ya yunƙura ya miƙe, ƙafafu na rawa. Ya tsoma baki har hanci. Ina jin ruwan na wucewa ta maƙoshinsa, ƙwat, ƙwat, ƙwat. Na ƙirga har talatin da ɗaya, daga nan idona ya hana ni. Hayaƙin maƙwabta ne.

Talata, 22 ga Afrilu

Fata tana komawa in an tsunkula. Ya yi fitsari mai haske, na tsaya ina kallo kamar an yi min haihuwa. In aka zuba ƙasari kofi biyu a ruwan jarka ma yana sha, munafuki.

Matsala ɗaya: surfaffen gero ya taru. Ba a zubar da abinci. Dole Sharifa ta yi fura.

Asabar, 26 ga Afrilu

Sharifa ba ta samu zuwa ba, 'yarta ba lafiya. Sha ɗaya da rabi na ce wa maƙwabcina a Kwari ya duba min shago zan je wata unguwa.

Na sa sakata a ƙofar gida tukuna. Surfe ba wasa ba ne, rabin geron kaji suka ci, kafaɗata har yanzu tana zagina. Na buga sau biyu. Ya amsa, ya leƙa bayana ko akwai wata, sannan ya haƙura da ni ya sha.

Ban wanke komin na kife ba. Ba wanda zan ɓoye wa.

Makullin na rataye shi a ƙusar bakin madafi, inda take ajiyewa. Don saukin Sharifa ne kawai. Na ce da Veronica in ta ga dama ta zo ranar Alhamis, furar ta yi mana yawa.