Irin da Kuka Ce Lafiyarsa Ƙalau Bai Tsiro Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ke tantance irin shuka da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, ni manomin tumatir ne a wata fadama tsakanin Malumfashi da Funtua, kuma ni abokan nomana suka ɗora wa nauyin nemo mana iri duk shekara. Na rubuto a fili ne don na gaji da aika saƙon baka yana ɓacewa a hanya.

Na ɗaya, ba aikinku nake ƙi ba. Na ga abin da mugun iri ya taɓa yi wa gonar maƙwabcina Malam Sani. Ganye ya nannaɗe, ya yi rawaya, cutar ta tsallako ta shiga gonakinmu. Wanda ya ga haka ba zai ce a bar kowa ya shigo da abin da ya ga dama ba. A duba iri, mun yarda. Yadda ake dubawar ne ya ƙona mini rai.

Na biyu, irin gwangwani muke shukawa, na waje, domin tumatirinsa ne ke jure tafiya a kwando har kudu bai ruɓe ba. Alhaji Mamman, mai shagon kayan noma a Funtua, shi ke kawo mana. Bara kayansa sun iso tashar jirgin ruwa tun tsakiyar damina, tare da shaidar lafiya daga ƙasar da aka yi irin. Aka ce ba ta isa ba, sai an sake gwadawa a nan. To, a gwada. Aka ɗebi kaɗan aka aika ɗakin gwaji a wani gari. Kafin sakamako ya dawo izinin shigo da kayan ya ƙare, aka ce ya sabunta. Ya sabunta, aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Duk wannan kai da kawowa, kwantena tana kulle a tsakar rana. Mu kuwa ruwa ya ɗauke, mun gyara bedin reno inda muke yayyafa iri kafin dashe, mun zuba taki, sai kallon hanya. Na yi zarya a babur zuwa Funtua har ya zama Alhaji Mamman yana hango ni sai ya buɗe tafin hannuwansa tun ban kashe inji ba.

Na uku, kuma nan ne ciwon yake. Da kayan suka iso, kowane kwali da hatiminku a jiki. Alhaji Mamman ya fassara mana abin da ke rubuce, ya ce an tabbatar irin lafiyarsa ƙalau. Ranka ya daɗe, a fadama in aka ce iri lafiyarsa ƙalau, nufin ɗaya ne, zai tsiro. Al'adarmu kafin yayyafi, mukan ƙulle 'yan ƙwayoyi a jiƙaƙƙen tsumma mu rataye kusa da randa, mu jira mu ga ko za su fasa. Bara babu wanda ya yi. Lokaci ya ƙure, ga kuma hatimi. Malam Sani har zolayata ya yi da na kawo zancen, wai tun yaushe tsumma ya fara ƙaryata hukuma.

Muka yayyafa, muka lulluɓe da ciyawa, muka yi ta ban ruwa safe da yamma. Abin da ya fito a bedina bai cika tafin hannu ba. Zafin kwantena ya riga ya dafa shi. Da muka koka, amsar da ta dawo mana ita ce ku cuta kuka duba, ba tsiro ba, kuma ba ku ga cuta ba. Gaskiya kuka faɗa. Abin da ya mutu ai ba ya ciwo.

Muka sake reno a makare da guntun irin da muka tsinta nan da can. Fure ya haɗu da zafin bazara ya kakkaɓe. Ni na raba wa mutane gwangwanayen nan da hannuna, kuma ni nake haɗa sahu da su a masallaci. Na ji kunya, na ji takaici, har yau bai sake ni ba.

Na huɗu, ka aiko wani ya zaga kasuwar Bakori ko ta Dandume. Zai ga iri ƙulle a leda, ba suna, ba hatimi, an shigo da shi ta daji a bayan babur. Shi ba ya jiran ɗakin gwaji, kuma ba ya makara. Irin ledan nan ne ya jawo wa Malam Sani cutar da na ambata a sama. Mai bin ƙa'ida kuke tsarewa, mai kewaye ku yana cin kasuwarsa.

Bana ma kayan Alhaji Mamman sun iso, suna can suna jira, ruwa kuma ya fara ja da baya. Abokaina sun ce mu sayi na leda mu huta. Ni nake ba su haƙuri, haƙurin ya kusa ƙarewa.

Roƙona, Ranka ya daɗe, a saki kayan nan kafin lokacin reno ya wuce. A riƙa ajiye iri a wuri mai sanyi muddin yana hannunku. Kada izini ya mutu saboda jinkirin da ba mai kaya ya jawo ba. In kun riƙe iri ya daɗe, ku gwada tsironsa kafin ku buga hatimi, ko ku faɗa mana da Hausa abin da hatimin bai ɗauka ba.

In ruwa ya ɗauke kayan ba su zo ba, ni zan hau babur in sayo na leda, domin ba zan bar fadama ta kwana banza ba. Tsummana zai gaya mini ko zai tsiro. Ko yana ɗauke da cuta kuwa, ku kaɗai ke iya ganewa, shi kuma ba ta gabanku zai bi ba.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya sa ka gama lafiya, lafiya irin wadda mu muke nufi.

Wassalam.

Isiyaku Garba, manomin rani, Malumfashi.