Tambayar da Na Kore Ki a Kanta

Alƙahira

Zuwa ga ɗalibata Mufida,

Assalamu alaikum. Yaya mutanen Jibiya? Ki gaishe mini da innarki, da babanki in ya dawo daga Maraɗi.

An yi mini aikin baya lafiya, alhamdulillahi, kada ku damu. Ƙafar hagu ce kawai ba ta fara motsi ba tukuna.

Ita ce ma ta sa na rubuto. Kullum da safe sai in umarce ta ta ɗaga, ina kallonta, ta ƙi. Sai na tuna ranar da kika tambaye ni a islamiyya: "Malam, wane ne ni, jikin ko mai tunanin? Ta yaya zan tabbata?" Na daka miki tsawa, na ce waswasin shaiɗan ne, ki fita ki yi istigfari. An ce mini tun ranar ba ki koma aji ba, kina ganin imaninki ya lalace.

Ɗiyata, bai lalace ba. Ban san amsar ba ne, na ji kunyar faɗa a gaban yara. Tambayarki ce ke ɗebe mini kewa a gadon nan. Ban taɓa jin kusanci da Allah kamar yanzu ba, da na ga ko yatsana ba ni da iko da shi. Na gode miki.

Ki yafe mini, ki koma aji ran Asabar. In na dawo, ko da sanda ne, za mu zauna mu bincika tare.

Allah Ya yi miki albarka.

Malaminki,
Abdulfatah Lawal