Yadda Dama Ta Koma Nama

Litinin, 3 ga Maris

Sun sake ƙaro wani abu a wasan Tsibiran Gishiri. Na kunna kwamfuta bayan shayin safe, sai ga sanarwa ta cika fuskar: sabon teku, sabon jirgi, sabon kaza. Masu wannan wasa ba sa hutawa. Bara dawakai masu fukafukai suka kawo, mutane suka yi ta murna mako biyu, yanzu dawakan suna can a ɗaure, ko mai ba su ciyawa babu.

Na rubuta wa ƙungiyarmu ta wasan: "Sabon fenti ne a tsohuwar mota." Mai Lif ya ce bakina ba ya faɗin alheri. Da ya san halin da bakin yake ciki!

Laraba, 5 ga Maris

Yau na karanta bayanin a tsanake, kuma ban ji daɗinsa ba.

Jirgin mutum huɗu yake ɗauka. Uku suna tuƙi a cikin hazo, ba sa ganin komai. Ɗaya yana can saman itacen jirgin, shi kaɗai ke hango duwatsu, shi zai riƙa gaya musu hagu ko dama. Tuƙin sai da hannu biyu, ni kuwa hannun dama ya yi ritaya tun shanyewar ɓarin jikin nan. Saura hange. Hangen kuma da murya ake yi, don babu lokacin rubutu.

Shekara talatin ina sanar da tashin jiragen ƙasa, har a wajen tasha ana jin muryata. Yanzu in na ce a miƙo min gishiri, sai matata, Maman Auta, ta ce, "Me?" sau biyu, sannan ta miƙo sukari.

Ni da Mai Lif da Allura shekara guda muna wasa tare, rubutuna kawai suka sani. A rubuce ni Kawu ne mai baki kamar reza. Ina so in ci gaba da zama shi.

Asabar, 8 ga Maris

Na ce musu makirfona ya lalace.

Na manta da wa nake magana. Mutumin da aikinsa gyaran lif a dogayen benaye, in ka ce masa abu ya lalace kamar ka yi masa albishir ne. Wane iri ne? Wace kafa na soka shi? Fitilarsa na kamawa? In ɗauki hoton bayan kwamfutar in turo. Awa guda ina ƙirƙiro wa lafiyayyen makirfo cututtuka, shi kuma yana warkar da su ɗaya bayan ɗaya.

Allura, da yake ma'aikaciyar jinya ce, hoton fuska mai ɗaga gira ɗaya kawai ta turo. Ma'aikatan jinya ba su da daɗin yi wa ƙarya.

Lahadi, 9 ga Maris

Auta ta dawo wasan! Wata biyar rabonta da shi, ta ce ya gundure ta. Ita ce fa ta saka min shi lokacin da na fito daga asibiti, ta koya min, sannan ta koma garin da take aiki ta bar ni da dodanni. Jirgin ne ya jawo ta. To, wannan maki ɗaya na ba masu wasan. Ɗaya tak.

Talata, 11 ga Maris

Auta ta kira uwarta da rana, aka sa wayar a kan tebur ina ji.

"Baba, makirfon da na saya maka da hannuna ne ya lalace?"

Na ɗauki kofin shayina na kurɓa.

"Mu uku ne, babu mai hange. In ba ka hau ba sai mu ɗauko baƙo."

Baƙo. A jirgina. Maman Auta tana yanka albasa tana murmushi, wai albasar ce ta sa.

Juma'a, 14 ga Maris

Na rufe ƙofar ɗaki na gwada a gaban madubin kabad. Hagu. Dama. Tsaya. Kalmomi uku kacal. Hagu tana fita ba laifi. Tsaya sai na yi mata shiri kamar mai ɗaga buhu. Dama ce ta ƙi, harshen ya ƙi zuwa inda aka aike shi.

Matar da ke koya min magana a asibiti ta shekara tana roƙona in riƙa yin haka minti goma kullum. Yau na yi arba'in. Kada ta ji.

Asabar, 15 ga Maris

Bari in rubuta shi duka tun hannun bai gaji ba.

Ƙarfe huɗu na yamma muka taru a bakin tashar jirgin. Na saƙala abin kunne. Muryoyinsu suka shigo, karo na farko. Mai Lif, da nake zaton ƙato ne mai murya kamar ganga, ashe siririyar murya gare shi. Allura tana magana tana tauna wani abu. Auta tana ta "Baba? Baba, kana ji?"

Na danna maɓallin makirfon. Na ce, "Ina ji."

Ni kaina na ji yadda ta fito, kamar mai magana da ruwa a baki. Na kai yatsa zan kashe.

Sai Allura ta ce, "Kawu, yaushe abin ya same ka?"

Na ce shekara ɗaya da rabi. Sai da na maimaita.

Ta ce, "Na yi zato. Duk ranar Allah da irinku nake wuni, kuma kai ka fi rabinsu. Hau sama, ruwa na jiranmu."

Mai Lif ya ce, "Wato makirfon lafiyarsa ƙalau? Kawu, ka ci amanata. Har littafin kamfanin na sauko na karanta!"

Na hau. Daga sama abin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Hazo fari a ƙasa, kawunan duwatsu baƙaƙe suna leƙowa, tsuntsaye suna bin mu. Hagu, suka bi. Hagu kuma, suka bi. Sai ga wani ƙaton dutse ta hagu, na buɗe baki da dukkan ƙarfina na ce, "NAMA! NAMA!"

Mai Lif ya ce, "Nama kuma?"

Allura ta ce, "Kawu yunwa yake ji."

Muka daki dutsen, jirgin ya rabe biyu, mu huɗu muka nutse. Auta tana dariya har da tari. Ni ma na yi, irin wadda rabona da ita tun kafin asibiti, har Maman Auta ta shigo da gudu da ludayi a hannu, ta ɗauka wani abin ne ya sake samuna.

Sau shida muka nutse yau. A na bakwai muka wuce duwatsun farko.

Talata, 18 ga Maris

An kafa doka a jirgi: hagu da nama. Ko Auta haka take cewa yanzu. Jiya da Mai Lif zai sauka ya ce matarsa na kiransa, kuma in bai je ba yau zai kwana a hannun naman gado.

Maƙogwaro na ciwo. Ruwan ɗumi da zuma.

Lahadi, 23 ga Maris

Mun kai tsibiri na uku. Akwai wani kifi mai fitila a goshi da ke biyo jirgi, sai mai hange ya daka masa tsawa yake komawa. Tsawa dai har yanzu ina da ita. Maƙwabcinmu na sama ya sauko ya tambayi Maman Auta ko lafiya, wa ake kora?

Asabar, 29 ga Maris

Tashar jirgin ta fara yin fili. Makon farko sai ka yi layi kafin ka samu wurin ɗaure jirgi, yau jirage biyar na ƙirga. Na ce wa Mai Lif, ka gani? Na faɗa. Ya ce to mu me muke yi a nan? Na ce mu ba mu da hankali ne.

Mun gama duk tsibiran tun Alhamis. Babu sauran abin nema. Muka sake fita duk da haka, ba don komai ba. Allura ta ba mu labarin wani majinyaci da ya ɓoye rediyo a cikin filo. Mai Lif ya ba da na ranar da ya maƙale a lif ɗin da ya je gyarawa, tare da manajan da ya kira shi. Sai suka ce saura ni.

Na ba su na ranar da na sanar da jirgin da bai zo ba, mutum ɗari biyu suka yi layi a gaban keken share hanyar jirgi. Labarin minti biyu ne, ya ci min goma. Ba wanda ya ƙarasa min kalma. Na lura da wannan. A gida ma ana ƙarasa min, don ƙauna, amma ana yi.

Laraba, 2 ga Afrilu

Asibiti. Mai koya min magana ta ce, "Baba, me ka canza?" Na ce zuma.

Asabar, 12 ga Afrilu

Wai wani sabon ƙari na zuwa mako mai zuwa, dutsen ƙanƙara da karnuka masu jan keke. Mai Lif har ya zaɓa wa karensa suna. Auta ta ce aiki ya yi mata yawa, ƙila ta ɗan ja baya, amma Asabar tana nan. Ta yi min alkawari, kuma da baki na sa ta maimaita.

Asabar, 19 ga Afrilu

An buɗe dutsen ƙanƙarar ƙarfe biyu. Ban samu shiga ba sai kusan biyar, na tarar da saƙo goma sha ɗaya daga Mai Lif.

Aski na je. Da ma Maman Auta ce ke yi min a gida, to yau injin ya ƙi tashi, shi ke nan dalilin. Niyyata in nuna masa da hannu in fito. Sai wanzamin ya kama cewa wai jirgin ƙasa ya fi mota haɗari, a gaban mutane, da ƙarfin hali. Mutumin da ko tikiti bai taɓa yanka ba. Ai dole a gyara masa. Wani mai jiran layi ya shigar masa, wani ya shigar min, aka aiko da shayi daga shagon gefe. Sau biyu ya ce, "Me ka ce, Baba?" Na maimaita masa da kyau, don ya ji kuskurensa.

Na dawo na tarar da Maman Auta a bakin ƙofa da mayafi, za ta fita nemana. Ta ce awa biyu da rabi, aski ne ko tiyata? Na fara yi mata bayani. Ta saurara har tsakiya, sannan ta ce, "Don Allah malam, ka bar ni in ji da kunnena, tun safe kake surutu." Ta juya ta shige kicin da sauri, tana goge ido da gefen mayafi. Yau ba albasa a gidan, na duba.

Ba wani abu ba ne. Wanzamin ne bai san komai ba. Ya ce in dawo ran Laraba zai kawo hujja, kuma zan je ne kawai don in ga hujjar.

Karnukan ba laifi.