Ƙeyar Eruera a tafin hannuna

Litinin, 6 ga Maris
Yau aka kawo Eruera kwamin ruwan ɗumi na asibitinmu, inda muke gasa wa marasa lafiya jiki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. 'Yarsa Anahera ce ta turo keken. Eruera ne mutumin da shekarun baya ya ɗauki ƙanena Tipene a kwale-kwale yana a buge, ya kifar da su a tsakiyar tafkin Rotoiti, ya yi iyo ya fita ya bar shi ruwa ya ci shi. Ba a ɗaure shi ba. Wai hatsari. Shugabarmu ta ce, "Ngahuia, ke za ki riƙe shi, kin fi kowa ƙarfin hannu." Na ce to. Har murmushi na yi.

Laraba, 8 ga Maris
Ashe tsoron ruwa yake! Kujerar inji tana saukar da shi cikin kwamin yana kyarma kamar ɗan tsako. Na kwantar da shi rigingine, ƙeyarsa a tafina. In na janye hannu, shi ke nan. Ya gane ni sarai. Na raɗa masa, "Saki jikinka mana, gwanin iyo."

Juma'a, 10 ga Maris
Na bari ruwa ya shiga hancinsa. Kaɗan. Ya yi ta tari. Abincin rana ya yi min daɗi.

Talata, 14 ga Maris
Goggo Huhana, mai ciwon gwiwar nan da ke zuwa kullum, ba abin da ke wuce mata. Tana riƙe da ƙarfen gefe ta ce, "'Yar nan, gashi kike masa ko wankan gawa? Ɗaga masa haɓa." Na ce, "Goggo, ki ji da gwiwarki." Ta ce, "Gwiwata ta tsufa, idona da sauransa." Kowa ya yi dariya. Ban da ni da shi.

Lahadi, 19 ga Maris
Na kai wa Mama masarar da na dafa a tururin da ke fitowa daga ƙasa a bayan gidanmu. Na gaya mata wanda nake riƙewa. Na zaci za ta ce in sake shi ya sha ya ƙoshi. Ta daɗe tana ɓare masara, sannan ta ce, "Tipene bai samu mai riƙe shi ba." Me take nufi? In riƙe, ko kada in riƙe? Ban tambaya ba.
Ni dai so nake ya warke ya tsaya da ƙafarsa, in mare shi a gaban jama'a. Ba a marin na kwance.

Alhamis, 30 ga Maris
Ƙafarsa ta dama ta motsa. Haushi ya kama ni da na ji daɗi.

Laraba, 5 ga Afrilu
Muna gwada tafiya, ruwa iya ƙirji. Na juya in miƙa wa Goggo sandarta, sai santsi ya kwashe Eruera, ya nutse gaba ɗaya. Na ga farin gashinsa yana yawo a ƙasa. Abin da na yi shekaru ina roƙo ke nan, kuma ba wanda zai ce laifina ne.
Ban san lokacin da na cafko shi ba.
Ya ƙanƙame wuyana da hannun hagu yana kuka, yana ta maimaita wata magana da karkataccen bakinsa. Da ƙyar na gane maganar Tipene yake yi. "Na koma. Na yi nutso. Duhu." Na ce, "Rufe min baki, numfasa." Ƙarya ce ko gaskiya, oho. Bai dawo min da ƙanena ba.

Juma'a, 7 ga Afrilu
Ban yafe ba. In rubuta don kada in manta.

Litinin, 17 ga Afrilu
Motar Anahera ta lalace, ta kira asibiti ta ce babanta ba zai samu zuwa ba wannan makon. In ya yi mako bai shiga ruwa ba ƙafar za ta sake sandarewa, aikina ne zai lalace. Don haka kawai na je na ɗauko shi. Anahera ta ce, "Anti, ai gidanmu ba kan hanyarki yake ba." Na ce kan hanyata ne.
Da muka zo daidai tafkin ya sunkuyar da kai. Na ƙara wuta muka wuce da sauri. Rana ce ta dame ni a ido.