Ajiyar Baƙin Baba

Sabo, Ibadan

Zuwa ga Yaya Manniru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rahamatu da yara. Yaya Funtuwa, yaya kuma ƙafar nan taka, ta daina kumburi? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba daga tashar Ojoo. Wayar ce na daina yarda da ita. Yaya, tsoro nake ji a kan Baba.

Kwanakin baya saƙon tes ya shigo masa daga lambar da bai sani ba. Sallama ce, da tambayar ko nan ne masaukin wani Alhaji Abdulsalam mai goro. Na ce ya share, irin wannan ɓatan lamba da gangan ake yin sa. Ka san Baba. Ya ce tun da ya gaji zauren nan bai taɓa ƙin amsa sallamar baƙo ba, ba kuma a waya zai fara ba. Ya amsa, har da tambayar mutumin ko ya sami wurin kwana!

Shi ke nan an samu ƙofa. Mutumin ya ce sunansa Hisham, wai ɗan Arewa ne mazaunin ƙasar waje. Kullum da safe sai ya gaida Baba, ya fi mu 'ya'yansa ladabi. Amma bai taɓa yarda a kira shi a ga fuskarsa ba, kullum wai yana mitin. Da suka saba sai ya kawo maganar wata manhaja da ake zuba jari a zinariya. Baba ya sa kuɗin aljihunsa, aka turo masa 'yar riba, ya sayo mana tsire yana yi mini tsiya, wai mu 'yan Ibadan boko bai koya mana komai ba sai zargi. Ni kuwa na san tsaba ce ake watsa wa kaza.

Yanzu Hisham ya ce damar ta kusa rufewa, a zuba kuɗi mai kauri da wuri, kuma kada a gaya wa kowa saboda bakin mutane. Ka san Baba ba shi da mai kauri sai ajiyar fataken da ke sauka gidanmu, kuɗin goro da na shanu da suke bar masa ba takarda ba shaida. Jiya da kunnena na ji yana cewa aro ne kawai, zai mayar kafin su nema. In dukiyar mutane ta tafi, da wane ido za mu dubi jama'ar Sabo?

Don Allah ka kira shi, kai namiji ne, wataƙila ya ji taka. Ka gaishe mini da kowa.

Taka ƙanwa,
Mero

Sabo, Ibadan

Yaya Manniru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, ya jikin ƙaramarku? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san ka kira Baba, don na ji yana faɗa maka ba a haifi ɗan da zai koya masa gane mutum ba. Da na ga ya aika a kira masa mai canji don a tura kuɗin ajiyar, sai na rasa inda zan sa kaina. Na sa hijabi na hau keke na sami Alhaji Mahmudu a rumfar goro, tunda shi ne babba a baƙin Baba. Na durƙusa na gaya masa komai. Wallahi nasiha kawai na roƙe shi ya yi wa Baba.

Bai yi nasihar ba. Bayan la'asar ya shigo zaure, ya ce wai wata buƙata ta taso masa, yana son ajiyarsa. Kafin magariba sauran ma duk buƙata ta taso musu. Baba bai tambayi kowa dalili ba, ya miƙa wa kowa nasa, ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

Washegari Baba ya nemi cire nasa kuɗin daga manhajar, aka ce sai ya fara biyan haraji. Ya rubuta wa Hisham cewa ba shi da abin biya. Daga ranar gaisuwar safe ta ɗauke, lambar ma ba ta shiga.

To Yaya, dukiyar mutane ta tsira, amma magana ta zaga Sabo. Wannan zuwan, motar goro ta wuce ƙofarmu ta sauke fataken a gidan wani. Baba ya san ni ce na kai maganar, amma bai zage ni ba, da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Kullum dai sai ya sa Inna ta dafa tuwon baƙi kamar da, a kai zaure, ya zauna ya tasa kwanukan a gaba har su huce. Ni ce mai kwaso su, kuma ban taɓa iya ɗaga ido na dube shi ba.

Ka zo gida, Yaya, ko don ya sami wanda zai ci da shi.

Taka ƙanwa,
Mero