Akori-kura a Ƙofar Jakai

Koki, cikin birnin Kano
Ranar Lahadi

Zuwa ga Turai,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kin tashi lafiya. Yaya jiki, yaya ƙafar? Yaya Bahijja da jaririyarta, da maigidanta da surukanta? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Tun shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, shekarar da na sayi akori-kurar nan kina goyon Naziru, ban ga damina irin ta bana ba. Ɗalha mai babur da ke kawo man shanu daga garin surukan Bahijja ya ba ni labari: kwalbatin rafin Gidan Maiwa ya tafi, ruwa iya ƙirji, babur ma a ka ake ƙetarar da shi. Ya kuma faɗa mini abin da kika hana a faɗa, cewa wurin da kika taka ƙaya ya zama gyambo. Ke mai ciwon suga, kin je taya 'yarki zaman jego, kin ɓoye gyambo? Ban ji daɗi ba, Turai.

Naziru ya ce in yi magana a wayarsa a kai miki muryar. Na ce a'a, muryar waya kowa na gidan sai ya ji. Ajamin nan kuwa daga ni sai ke 'yar malaman Madabo, ko da nawa rubutun tafiyar kaza ne.

Naziru ya nemi masu manyan motoci, kowa ya ce sai ruwa ya janye. Wani ya ce a ɗoro ki a ƙyauren ƙofa a ratso rafin da ke. Na ce bakinsa ya sari ɗanyen kashi, ba a ɗaukar mini mata kamar gawa, ga ciwo a ƙafa ga ruwan laka. Akwai tsohuwar hanyar fatake ta kan tudu, wadda Baba ya bi da ni ina yaro. Tana zagaye rafin ta faɗo bayan babbar kukar garin da kike. Direbobin yanzu ba su san ta ba, kuma babu mai ba ni motarsa in shiga jeji a kan maganar tsoho. Aibinta kwazazzabai da kututture, cikin motata zai riƙa dukan ƙasa. Saboda haka zan ɗaga ta.

Na je Ƙofar Ruwa na haɗo kayan: ƙarin ganyen sifirin, da dogayen shokozoba, da tubalan ƙarfe da dogayen ƙusoshinsu masu lanƙwasa. Gwadabe zai taya ni, kin san shi, tsohon bakanike kuma Bazazzagin banza. Da ya ga kayan sai ya ce, "Bakano, tsohuwa za ka sa wa takalmi mai tsini?" Na ce ai ko a haka ta fi shi ƙwarin gwiwa. Ya so mu yi aikin a gareji, na ƙi. Motata ba ta taɓa kwana a waje ba, kuma ba za a tuɓe ta a bainar jama'a kowa yana ba da shawara ba. A nan bargar jakan Kaka za a yi, inda take kwana.

Bakan ƙofar jakai, ƙofar bargar nan, yana yoyo, tunda bana ba kya nan ba a jiƙa masa makubar yaɓe ba. Na rufa masa leda.

Ki riƙa wanke ciwon da ruwan gishiri, ki daina taka ƙasa. Ki gaida mutanen gidan.

Mijinki,
Nata'ala

Koki
Ranar Alhamis

Zuwa ga Turai,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya kwanan jiki? Yaya mai jego da 'yar ƙaramar matata? Saƙonki ya iso, har da faɗan da kika haɗo da shi. Kin ce in bar taurin kai in jira ruwa. Na ji.

Aiki ya yi, amma ya ba mu wuya. Tsofaffin ƙusoshin sun ci tsatsa sun zama jiki ɗaya da ƙarfen, muka zuba baƙin mai, muka dake su, suka ƙi, dole muka yanke su da zarto. Muka ɗora ta a kan kututturan giginya don ban yarda da jak kaɗai ba. Gwadabe yana kwance a ƙarƙashi yana zagin kakannina, ni ina miƙa sifana ina ramawa. Da muka sauke ta ya lura tiyon birki ya miƙe kamar tsirkiya, ya ce in na fita a haka ramin farko zai tsinke shi, sai dai a tsinto ni a Daura. Muka canja dogo. A wajen ɗaga sifirin na baya bayansa ya riƙe, yanzu haka yana gida 'ya'yansa suna gasa masa.

Turai, da kin ga motar! Ta miƙe kamar ta koma budurwa. Sai na taka dutse na shiga. Na tayar da ita, na naɗe madubai kamar kullum, na yi bismilla, na nufi ƙofa.

Sai na ji ƙum a sama, ƙasa ta zubo a kan gilashi.

Kin san tsakanin kan motar nan da bakan ƙofar jakai yatsu huɗu ne, tun ranar da na kawo ta. Ido rufe nake wucewa. Na tambayi Ɗalha zurfin kowane kwazazzabo, na yanki kara na gwada cikin mota da shi, na auna komai na jeji. Ƙofar gidana ce kaɗai ban auna ba, don ban taɓa ɗaukarta abin aunawa ba. Mun ƙara wa motar fiye da taƙi guda. Tana ciki, lafiyayya, ba ta fita.

Labari ya zaga Koki kafin la'asar. 'Yan majalisar da na guje wa duk sun zo, kowa da hannu a baya yana leƙe. Gwadabe ya aiko jikansa wai a gaya wa Bakano ya haƙa rijiya ya manta bai sa matakala ba.

Naziru ya zo ya tsaya, ya dubi bakan, ya dube ni, ya kau da kai. Na gwammace ya yi magana. Kin tuna bara da ya kawo shawarar a rushe ƙofar a fitar da shago, abin da na faɗa masa a gaban abokansa, har ya yi wata bai ci tuwon gidan nan ba. Kaka ya gina bakan nan da azarar da ya ɗauko a kan jakansa, ta nan kanwa da baƙin rini suka shiga suka fita. Ta nan aka fitar da gawarsa, aka fitar da ta Baba, don zauren ya yi wa makara ƙunci. Kina wurin ranar da Baba ya kama hannuna ya ce in ta kama in sayar da komai, ban da ƙofar nan, kada a taɓa ta. Duk layin nan sun koma bulo da siminti, ita kaɗai ta rage da zanenta.

Zan samo dabara. Kada ki sa damuwa a ranki, suga ba ya son tunani.

Naki,
Nata'ala

Koki
Ranar Asabar

Zuwa ga Turai,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu. Yaya zazzaɓin? Kada ki ce babu, Ɗalha ya faɗa mini. Ya ce babban yatsan ya fara baƙi, ya ce Bahijja ta biyo shi har bakin rafi tana kuka, ita da ba ta yi arba'in ba. Naziru ya kwatanta wa wani likita abokinsa, likitan ya ce a kawo ki yanzu, ba gobe ba, in ana son ƙafar.

Bari in faɗa miki abin da na yi, kada ki zaci zaune nake. Na sace iskar tayoyin har suka kwanta. Na loda mata buhunan yashi, na tara samarin layi suka hau baya. Ta sauka ƙwarai, na ce Alhamdulillahi. Amma kin san an yi ta ciko a lungun nan shekara da shekaru har ya fi gidan tudu. Da tayoyin gaba suka hau dokin ƙofa sai kan ya sake tokarar azara, wani ɓangaren zanen ya ɓantare ya faɗo. Na tsince shi na ajiye a ɗakinki.

Na ce to a haƙe ƙasan ƙofar. Muka fara, sai ga kwatar unguwa a ƙarƙashi. In na fasa ta, ruwan farko da za a yi zai shigo ya jiƙa gindin katanga, gidan gaba ɗaya ya zauna, har da na maƙwabta. Muka mayar da ƙasa.

Saura a kwance aikin, a fito da ita, a sake ɗaurawa a waje. Tsofaffin ƙusoshin mun yanke su, Gwadabe ko zama ba ya iya yi, kuma in an kafa ta a lungu ko mai kurar ruwa ba zai wuce ba. Aikin kwanaki ne. Da yatsan nan bai yi baƙi ba da shi zan yi.

Jiya bayan Juma'a na je kabarin Baba na yi masa addu'a, na daɗe a tsaye. Ba zan ce miki na samo wata fatawa ba, ko na tuno wata magana tasa da ta sauƙaƙa mini. Abin da ya ce shi ya ce. Na dawo na zauna a kan dutsen bakin barga ina duban ƙofar, sai na ga ashe ban san yadda ake jiƙa makubar nan ba ma. Shekara arba'in ina cewa ni ke riƙe da ƙofar Kaka, alhali ni dai ina hawa tsani ne in shafa abin da kika dama.

Na aika aka kira Naziru. Na ce masa gobe ya zo da wuri ya riƙe mini tsani. Ya buɗe baki zai ce ya kawo leburori, na ce babu baƙon da zai sa guduma a ginin nan. Ya sunkuyar da kai ya ce to, Baba. Da zai fita na ga ya shafa bangon da hannu, ya zaci ban gani ba.

Gwadabe ya sake aikowa. Wannan karon ba tsiya. Ya ce in tokare gefen katangar da gungume kafin in zare azarar tsakiya, in kuma gwada birki tun a lungu.

Gobe in Allah ya kai mu, ina idar da sallar asuba zan hau da diga. Zan fara ta sama, in sauke ƙasar a hankali, in zare azarorin ɗaya bayan ɗaya in jingine su a barga inda ruwa ba ya taɓawa. In hanya ta buɗe zan ba tayoyi iska in kama tudun fatake. Ki sa Bahijja ta ɗaure miki kayanki, a shimfiɗa katifa a bakin zaure. In kin ji gurnanin tsohuwar nan ta bayan kuka, ni ne.

Abu ɗaya nake roƙo. In mun shigo lungu kada ki ɗaga kai ki dubi ƙofar. Ki bari sai kin taka ƙafarki.

Ki gaida kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Nata'ala